Makunni Ɗaya

Ni mai kantin magani ce. Abin da na sani game da kwamfuta bai wuce in kunna ta ba, in ta ƙi in ɗan buge ta a gefe. Amma Allah ya haɗa ni da ƙanne tagwaye, Babba da Ƙarami, waɗanda tun suna rarrafe ba su taɓa ganin abu mai waya sun bar shi da ransa ba. Babban da muke cewa ma, ratar da ya ba ɗan'uwansa wajen haihuwa ba ta kai a shanye kofin ruwa ba, amma da ita yake taƙama har gobe. Ni na raine su bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansu ina da izini.

Su biyun suna cikin wata ƙungiya ta mutanen da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, kowa yana ƙasarsa, suna gina babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta. Sunanta Kunkuru. Ba ni na raɗa mata ba, su da kansu suka sa, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran ta ta tashi ba zai tambayi dalili ba. Aikin a buɗe yake. Kowa a duniya yana iya shiga ya karanta abin da aka rubuta, ya gyara, ya ɗauka ya yi amfani da shi, ba mai ce masa don me. Har gardamarsu a buɗe take, a wani dandali da suke rubuce-rubuce, inda duk wanda ba shi da aikin yi zai iya zuwa kallo.

Shekara da shekaru Kunkuru bebiya ce. Tana lissafi, tana rubutu, amma ba ta iya magana da wata kwamfuta. Sai tagwayena suka ɗaga hannu suka ce su za su tsara mata ɓangaren sadarwa. Da yake gidan kowannensu akwai mai hana shi ɓata bango, sai suka mai da sitona ofis. Suka zane min bango da alli, akwati bisa akwati, kibiya nan kibiya can.

Ƙarami ne mai haƙurin yi min bayani. Ya ce, "Yaya, abin hawa-hawa ne kamar bene. Hawan ƙasa shi ke kula da waya. Na samansa shi ke kula da adireshi, don saƙo ya san inda za shi. Na can sama kuma shi ke tabbatar da saƙon ya isa, in bai isa ba a sake aikawa."

Na ce, "To a wane hawa ake goge min bango?"

Suka ci gaba da zanensu.

A hawan adireshin nan aka yi ɓatacciya. Ga yadda abin yake. In kwamfuta ta tashi, tana buƙatar lamba tata ta kanta da sauran za su kira ta da ita. A manyan ofisoshi akwai na'urar da ke raba lambobin. A ƙaramin wuri irin nawa, inda waya ce kawai ta haɗa kwamfuta da kwamfuta, dole kowace ta zaɓar wa kanta. Ƙarami ya tsara cewa ta ja ƙuri'a, duk lambar da ta faɗo ta ɗauka, sannan ta tambaya ko akwai mai ita. In an yi karo, ta sake jan ƙuri'a a kan tsawon jiran da za ta yi, sannan ta gwada wata.

Babba kuwa mutum ne da ke jera takalmansa bisa tsayi. Kalmar ƙuri'a kaɗai tana sa shi ciwon kai. Ya ce a fara daga ɗaya, in da mai ita a janye a ɗan jira, a koma biyu, in da mai ita a ninka jiran, a koma uku. Tsari, ladabi, ba rububi. Da a sito ya faɗi wannan, da sun yi ihunsu sun gama sun ci abinci tare. Sai ya bari ɗan'uwansa ya tafi gida, ya goge aikinsa, ya sa nasa, sannan ya rubuta a dandali, gaban duniya: "Manhaja muka zo ginawa, ba gidan caca ba."

Mutane suka yi dariya. Wani mutumin wata ƙasa mai sanyi, da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya maimaita maganar. Ƙarami ya karanta. Ya cire sunansa daga aikin, ya zo ya ɗauki kujerarsa daga sitona, shi ke nan.

Za ku ce ai tagwaye ne, gobe za su shirya. Ba ku san gidanmu ba. Mahaifinmu da ƙanensa, Baffa, sun ɓata a kan tsani. Tsanin katako, na hawa rufi. Baffa ya ara bai mayar ba, aka faɗi magana, kowa ya zauna jiran ɗaya ya fara gaishe shi. Layi ɗaya suke zaune, suna wuce juna kamar baƙi. Ranar da Baffa ya dawo da tsanin nan a kafaɗarsa, ranar ake fita da gawar mahaifinmu. Ya jingina shi a bango ya durƙusa yana kuka. Ina yarinya a lokacin, amma ban manta ba. Shi ya sa da na ga watanni suna shuɗewa tagwayena ba ko sallama, tsoro ya kama ni sosai.

Na yi jelen sulhu har takalmina ya cinye. Babba ya ce shi ne babba. Ƙarami ya ce shi aka ci wa mutunci. Ana cikin haka Ƙarami ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Ya ce min in ya sauka zai sake layin waya, kuma ba kowa zai ba sabuwar lambar ba. Na san "ba kowa ba" ɗin nan mutum ɗaya ne. Ya kuma rantsar da ni kada in bayar.

Ana gobe zai tashi, da yamma Babba ya shigo kantina da fara'ar da na san ta ƙarya ce. Wai an gama ɓangaren sadarwa, ya zo ya sa min. Ni ce zakaran gwajin dafinsu tun farko. Ina da kwamfutoci biyu iri ɗaya sak, rana ɗaya na saye su, ɗaya a kan kanta, inda nake sallamar masu saye, ɗaya a sito. Ya sa wa ta sito sabuwar Kunkuru, ya dawo ya sa wa ta kanta, ya nuna min yadda daga kujerata zan ga duk maganin da ya rage a ciki ba tare da na tashi ba. Abin ya yi aiki, ba ƙarya.

Na ce, "Gobe ɗan'uwanka zai tafi."

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya naɗe wayarsa a hankali, ya fita.

Da safe na yi sallama da Ƙarami da matarsa a ƙofar gidansu, na ƙi raka su filin jirgi don kada in yi abin kunya gaban mutane. Na buɗe kanti, na danna makunnin bango kamar kullum. Makunni ɗaya ne gare ni, shi ke tada fitila da fanka da kwamfutocin duka biyu. Kunkuru ta tashi a kan lokacinta na kunkuru. Na nemi sito, babu sito. Na buge ta a gefe, ko gezau.

Mai sayayya ta farko wata dattijuwa ce mai ciwon haƙori, ta ɗaure haɓa da ɗankwali. Na shiga da ƙafata na ɗauko mata magani, ta sha nan take, ta zauna a benci wai sai ya fara aiki. Na kira Babba na zazzage masa abin da ke bakina.

Ya iso a babur, rigarsa a goge har tana yankan ido. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Yaya, me kika taɓa?"

"Na taɓa kanka da na raina."

Ya duba waya, ya hura mata iska, ya ce ƙura ce. Ba ƙura ba ce. Ya kashe ta kanta kaɗai, ya sake kunnawa, sai ga sito ya fito tsaf. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kin gani? Lafiyarta ƙalau." Har ya ɗauki hular kwanonsa.

Na ce, "Tsaya. Ni ba haka nake kunnawa ba. Kana ganin ina da lokacin bin su ɗaya-ɗaya ina lallashi?" Na kashe makunnin bango, na sake dannawa. Fanka ta juya, kwamfutoci suka tashi tare, sito ya sake ɓata.

Ya ajiye hular. Ya ja kujerata ya zauna, ya buɗe wani baƙin allo inda kwamfutar ke rubuta duk abin da take yi. Ya shiga sito ya buɗe na can. Ya dawo. Ya koma. Na ga kunnuwansa sun fara motsi, yadda suke yi tun yana yaro in an kama shi da hannu a tukunya.

Dattijuwar ta ce, "Ɗana, me ta ce?"

Ya yi kamar ba zai amsa ba, amma Babba ba ya iya ƙin amsa tambayar babba. Ya ce, "Inna, tare suka tashi. Wannan ta ce ita ce ta ɗaya, waccan ma ta ce ita ce ta ɗaya. Kowace ta ji 'yar'uwarta, sai duk suka janye. Suka jira daidai wa daida. Sai wannan ta ce to ita ce ta biyu, waccan ma ta ce ita ce ta biyu."

"Sai suka sake janyewa?"

"Suka sake. Kuma duk karo jiran ninkuwa yake."

Inna ta riƙe haɓa tana dariya cikin ciwo. Ta ce, "Wato wuce, a'a ke wuce, har rana ta faɗi. Ai sai ɗaya ta yi rashin kunya."

"Ba za ta iya ba, Inna. Halinsu ɗaya. Ni na koya musu."

Na tambaye shi yadda aka yi duk masanan duniya ba su gano wannan ba. Ya ce kowannensu kwamfuta ɗaya yake gwadawa da ita, in ma biyu ne, ba mai tada su da makunni ɗaya. Na ce to da ƙuri'ar ɗan'uwanka tana nan fa? Na rantse ba da gayya na tambaya ba. To, da ɗan gayya.

Ya zauna yana kallon allo har fanka ta busar masa da gumi. Sannan ya fara dannawa. A aikin nasu ba abin da ke ɓata, duk abin da aka goge yana nan a ajiye da sunan mai shi. Ya tono aikin Ƙarami ya mayar inda yake, ya sa wa kwamfutocin biyu, ya ce in danna makunnina. Na danna. Kafin in juyo, ga sito a allo, da duk maganin tari da na majina.

Sai na ga ya buɗe dandalin nan nasu. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Na leƙa ta kafaɗarsa, don kantina ne. Abin da ya bari ya aika shi ne: "Na mayar da ƙuri'a. Ɗan'uwana ne mai gaskiya, ni na yi kuskure, kuma na yi masa rashin mutunci a nan, gabanku."

Na ce, "Duniya ta ji. Saura shi."

"Zan kira shi."

"Jirginsa bai tashi ba tukuna, amma ba zai jira ka ba."

Ya ciro waya ya danna, ya kai kunne. Na ji ƙarar daga inda nake. Layi a cike. Ya ajiye, ya gyara wuyan riga, ya ɗan jira, ya sake. A cike. Ya jira fiye da na farko, ya sake. A cike.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ya toshe ni."

"Rubuta masa saƙo mana."

"Rubutu ne ya kawo mu nan, Yaya. Da bakina zan faɗa."

Na kira Ƙarami da tawa wayar, ya katse ni. Ni, da na yi masa wanka. Ina cikin neman zagin da ya dace sai ga saƙon matarsa: "Yaya, ya ga abin da Babba ya rubuta. Tun ɗazu yake kiransa, layi a cike. Ya ce Babba ya toshe shi. An fara kiran fasinjoji."

Na ce wa Babba, "Kai, ajiye wayar nan. Kiran ka yake yi, kuna karo ne." Ya ajiye ta a kan kanta kamar ta ƙone shi. Muka zuba mata ido, ni da shi da Inna. Shiru. Wani ya shigo neman maganin ciwon kai, na sallame shi ban ko kalli fuskarsa ba. Shiru dai. Sai ga wani saƙon: "Yaya, na ce masa ya ajiye, ya ajiye. Muna jira."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Shi ma jira yake. Kira shi yanzu." Ashe a daidai lokacin ita ma can ta gaji ta ce wa mijinta haka. Babba ya danna. A cike.

Inna ta ce, "Wannan gida naku, Allah ya kyauta. Har matan ma?"

Ni kam ban yi dariya ba. Tsanin Baffa nake gani jingine a bango. Jirgi zai tashi, layi zai mutu, kowannensu zai tafi da tabbacin ɗaya ya toshe shi, kuma na san nawa irin wannan tabbaci yake ci a gidanmu. Na ɗauki wayata zan rubuta wa matar Ƙarami wanda zai kira da wanda zai jira.

Babba ya dafa hannuna. Ya ce, "Bari, Yaya. Ita ma yanzu haka abin da take rubuto miki ke nan."

Ya juya ga kwamfuta ya danna wani abu gajere. Na ce me kake yi kuma. Ya ce ƙuri'ar ɗan'uwansa ya ja, ita za ta faɗa masa tsawon jiran da zai yi. Mutumin da ke jera takalma bisa tsayi. Lamba ta faɗo, ya kalle ta.

"Minti tara," in ji shi.

"Tara? Sake ja."

"Ba a sakewa. In aka sake, ba ƙuri'a ba ce."

Ya kife wayar, ya zauna a kan hannuwansa duka biyu don kada su ci amanarsa. Saƙon matar Ƙarami ya shigo cewa layin shiga jirgi ya fara motsi. Ban karanta masa ba. Inna ta daina dariya, ta kwance ɗankwalin haɓarta ta riƙe a hannu. Ban taɓa jin ƙarar fankata kamar ranar ba.

Ba a kai rabin lokacin ba wayar ta yi ƙara. Daga baya matar ta gaya min cewa Ƙarami ma, yana tsaye a layi, ya buɗe kwamfutarsa a kan jaka ya ja ƙuri'ar nan. Har a nan halinsu ɗaya. Tasa ce dai ta faɗo gajeriya.

Babba ya ɗauka, ya buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji. Su biyun suka ce "Ka ga" a tare. Suka yi shiru a tare. Suka sake farawa a tare. Inna ta miƙa hannu ta toshe wa Babba baki da tafinta, ba ta ko nemi izini ba.

Muryar Ƙarami ta fito cikin hayaniyar filin jirgi. "Babba. Kana ji na?"

Inna ta janye hannu.

"Ina jin ka," in ji Babba. "Ka yafe min."

"Na yafe tun ɗazu, layinka ne a cike. Amma ka mayar da abin ba daidai ba. Ka sa shi ƙasa da inda ake duba waya, sama ya kamata."

"Ƙasa ya fi tsari."

"Kai dai ba ka ji. An kusa rufe ƙofa. In na sauka ni zan kira ka da sabuwar lamba. Ni zan kira, ka ji? Kai kada ka taɓa komai."

"Zan jira."

Na shige sito na rufe ƙofa. Zanen allinsu yana nan a bango, akwati bisa akwati, rubutun wannan ya hau kan na wancan har ba a gane na wa ne. Na zauna a kan kwalin auduga na yi kuka mai isata, na farin ciki da kuma na mahaifinmu. Da na fito Inna ta tafi, ta bar saƙo wai haƙorin ya lafa. Babba yana tsaye gaban makunnin bango yana nazarinsa. Ya ce zai kawo mai gyaran wuta a raba min shi biyu, ya fi tsari. Na ce in ya taɓa min makunni zan karya masa yatsa.

Washegari tun kafin in buɗe kanti na tarar da shi a bakin ƙofa, rigar jiya ce a jikinsa, duk ta yamutse. Ya zauna a bencin Inna, waya a kan gwiwarsa, ya ƙi shayi, ya ƙi magana. Sau biyu na ga yatsansa ya nufi wayar ya dawo da shi. Rana ta take tsaka sai ta yi ƙara, wata doguwar lamba da ba mu sani ba. Ya ɗauka, ya kai kunne, ya rufe bakinsa da hannunsa.